Ɗorin Ƙafar Da Ba Ta Karye Ba

Ko zan manta komai a rayuwata, ranar da aka yi mini ɗori alhali ƙashina lafiya lau ba za ta fita raina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

A Doma abin ya same ni. Muna lodin doya, na diro daga kan mota, gwiwata ta dama ta murɗe, na ji ƙas. Kafin mu iso Lafia ta kumbura suntum. A asibiti aka yi hoto, likitar ta ce ba karaya, jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta ɗan yage. Ta ce in huta, in riƙa ɗora ƙanƙara, in sha magani, in kumburi ya sauka in dawo a koya mini motsa ta a hankali. Magana mai sauƙi.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Wannan ya ce ƙaho, wancan ya ce man shanu da citta, kuma ba mai tashi sai ya latsa wurin da yatsa. Kwana uku sai ga kawuna daga Kwandere, da maɗori a bayan babur.

"Kawu, likita ta ce ba karaya," na ce.

"Likita ta haife ka? Miƙo ƙafar!"

Ni da 'ya'yana huɗu, amma na kasa ce wa kawu a'a. Ƙarti biyu suka danne ni, maɗori ya tofa addu'a, ya fizgi ƙafar. Ihun da na yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya jera karare ya ɗaure tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana arba'in.

Da aka kwance, ƙafar ta sanƙare kamar taɓarya. Na koma asibiti ina sunkuyar da kai. Likitar ta dube ni ta riƙe baki.

"Haba oga! Ƙafan nan ba shi da karaya, wa ya ce ka ɗaure shi? Yanzu aikin ya zama dobul."

Wata biyar ina zaryar gashi da motsa gwiwa, ina cizon haƙori, damina ta wuce ban taka gona ba. Tafiya ta dawo, amma lanƙwasawa ba ta dawo duka ba. Har yau a zaman tahiya miƙe ƙafar nake yi, na gefena yana matsawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk taron dangi sai kawu ya nuna ni ya ce, "Ba don ni ba, da yaron nan tuni an yanke masa ƙafa."

Na koyi cewa girmama babba daban, miƙa masa gwiwarka daban. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ga shi sau biyar a rana nake tunawa da ita.