Tsohuwar da Na Koya wa Tayi

Ku sababbin ɗauka kuna ta tambaya me ya sa Ustaz Magdi yake kirana Albarka. To, ranar da sunan nan ya samo asali ba ta taɓa fita raina ba, bari ku ji yadda aka yi.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina haya a unguwar Hayyin Ashir a nan Masar, maiɗakina kuma da tsohon ciki. Sai Allah ya kawo aiki a ofishinmu na Ma'adi. Ga wanda bai sani ba, mu muke amsa waya mu yi ciniki a madadin kamfanonin ƙasashen waje. Su suna can, mu muna nan da abin sauraro a kunne. Sabon ma'aikaci sai ya yi zaman gwaji a ƙarƙashin shugaban sashe kafin a tabbatar da shi. Nawa shugaban shi ne Ustaz Magdi, ɗan Masar mai tumbi, wanda ba ya iya gaisuwa ba da ihu ba.

Kwangilar da aka ba mu ta wani Bature ce mai lambu a ƙasarsu, kuma ba lambun latas ba. Can wasunsu idan sun mutu ƙona gawar ake yi, a ba iyali tokar a ɗan tulu, su nemi wuri mai kyau su watsa. Shi ne ya yanka lambun fili-fili: na bakin tafki ya fi daraja, sai na gindin itace, sai kan ciyawa na kowa da kowa. Akwai kuma kuɗin zama mamba duk shekara, don iyali su riƙa shiga ziyara, a riƙa goge musu allon sunan mamaci. Ni da na taso inda maƙwabta ke haƙa kabari kyauta, ranar da aka yi mini wannan bayani na sha neman tsari. Ustaz Magdi ya ce, "Ma'alish, ba komai ya Nafi'u, ai ba kai za ka hura wutar ba."

Baturen ya aiko da farashin kowane fili, ya ce kada a yi ƙasa da haka, abin da ya yi sama kuwa ya bar wa hikimarmu. Ustaz Magdi ɗan mai sayar da takalma ne a kasuwar Ataba, ni kuma mahaifina yadi yake sayarwa a Kwari. Muka dubi juna muka fahimci juna. Wannan ai kuɗin ƙarshe ne, wanda ake faɗa bayan an gama rantse-rantse. Wa zai buɗe ciniki da shi? Muka ninka sau uku don mai saye ya samu wurin tayi.

Aka fara kira. Mutum zai ji farashi, ya ce ya gode, ya ajiye waya. Ustaz Magdi ya ce, "Salon mai saye ne, za su dawo." Muka zauna jira, ko ɗaya bai waiwayo ba. Ƙarshen wata ya matso ba mu sayar da ko taku ɗaya ba, Baturen ya aiko da saƙon cewa zai janye kwangilarsa. Ba sai an faɗa mini wanda za a fara sallama ba. Ni ne ɗan gwaji, ga haya, ga haihuwa a bakin ƙofa. Tsorona a lokacin ba kaɗan ba ne.

Rannan da hantsi wata tsohuwa ta kira. Ta ce mijinta ya rasu, mutum ne mai son kamun kifi, tana so a watsa shi a bakin tafki. Na yi mata ta'aziyya irin tamu, doguwa, har ta ce ba wanda ya tsaya ya yi mata haka. Sannan na faɗi farashin nan mai ninki uku, na gyara zama ina jiran a fara.

Ta ce, "To. Zan sayar da ɗan kwalekwalensa in cika. Ga lambar katina."

Ga ciniki ya kawo kansa, ga aikina ya tsira, amma wannan kuɗin ba na saye ba ne, na buɗe baki ne kawai. Na ce, "Mama, ba za ki taya ba?"

Ba ta gane ba. Na ce ta ce ya yi tsada. Ta ce ba za ta iya cewa wani abu ya yi wa mijinta tsada ba. Na lallashe ta, na ce ta daure ta ce rabi.

Cikin wata 'yar murya ta ce, "Rabi?"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Albarka!" ba, da Hausa, da ƙarfi. Har na ɗora da cewa ko uwar kuɗi bai kai ba. Jinin Kwari ne ya motsa. Baiwar Allah ta rikice, ta shiga ba ni haƙuri, ta koma kan farashin farko.

Na ce, "A'a Mama, idan na ƙi, ke ma ƙi za ki yi. Ki nuna kin yi fushi, ki yi kamar za ki tafi."

Ta ce, "To." Ƙit, ta kashe wayar.

Ashe Ustaz Magdi yana sauraro ta nasa layin, kamar yadda shugaban sashe yake yi wa ɗan gwaji. Ya taso da shayinsa yana zuba. "Khalas, shi ke nan! Mutum ɗaya tak ta yarda ta biya, ka koya mata guduwa!" Na ce, "Ustaz, kwalekwalen mijinta fa za ta sayar." Ya koma ya zauna yana ƙunƙuni, ya ce shi ma da uwarsa ce ba zai so ba. Dokar ofis ta hana mu bin mai saye da kira, don haka na fara tunanin yadda zan yi wa maiɗakina bayani.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Ita ce. Ta ce, "Na yi daidai? Tun ɗazu ina zaune kusa da waya, na ga ba ka biyo ni ba."

Daga nan fa aka shiga ciniki, kuma na gane na yi wa kaina. Ta ce rabi, na ce albarka, ta ce tafkin ma ta ji an ce da sauro. Na sauko, ta ƙi. Na rantse, ta ce ita ma tana iya rantsuwa. Sai da ta kai ni daidai kan kuɗin Baturen, sannan ta tambaya ko a ƙasarmu ba a yi wa mai saye gyara. Ustaz Magdi da kansa ya ɗaga hannu ya sallama mata kuɗin mamba na shekarar farko, yana share zufa. Da za mu rabu ta yi dariya, ta ce mijinta ya yi shekaru yana mata faɗa ba ta iya sayayya ba, yau da yana nan da ya tafa mata. Ta ce tun da ya rasu ba ta yi dariya ba sai yau.

Washegari muka mayar da kowane fili kan farashinsa na gaskiya, aka fara saye, aka tabbatar da ni a aiki. Sai dai tsohuwar ta baza labari a cikin ƙawayenta. An daɗe wasu tsofaffi suna kira su ce a ba su yaron nan Albarka, su ce rabi, su kashe waya.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mai makoki ba ya tayi, don gani yake rage kuɗi rage darajar mamacinsa ne. Duk abin da ka faɗa masa zai biya, ko da sai ya sayar da kwalekwalen mamacin ne. Saboda haka idan irinsu suka kira ku, kuɗin ƙarshe shi za ku fara faɗa.