Ni Ce Mai Faɗa Masa Labarin Hanya

Ranar kasuwa na fara lura da shi. Wata mota ta danna hon, kowa ya zabura, shi kuwa ya ci gaba da ɗaure buhun masara a babur ɗinsa. Kurma ne. Ni da littattafan soyayya suka sa na saba da jiran saurayi mai daɗin baki, sai ga zuciyata wurin wanda bai taɓa jin muryata ba.

A wurinsa na koyi maganar hannu. Labarin hanya ta waya yake yawo a Birnin Gwari, don haka kowace safiya ni nake nuna masa ko hanyar Kakangi da yake bi lafiya take.

Da danginsa suka zo tambaya, Baba ya ce, "Surukin da ba zai amsa sallamata ba? Ku yi haƙuri." Aka hana ni fita.

Ba wanda ya gargaɗe shi ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar a daji, suka kama shi. Sun ɗauka taurin kai ne ya hana shi amsa musu, suka ɗaure hannuwansa kwana da kwanaki.

Shekaru ke nan yana Zariya wurin yayarsa. An ce har yau yatsunsa ba sa lanƙwasuwa.