Lafiyayyen Yaron da Ake Kawo Mana Duk Talata

An kwana biyu da faruwar wannan abu, tun ina ɗaliba a makarantar koyon aikin lafiya. Da muka shiga shekara ta biyu aka rarraba mu ƙananan asibitoci mu koyi aiki a hannun manya. Ni aka tura ni wani ƙauye can gefen Kurfi, kullum da safe in hau motar haya daga Dutsin-Ma da farar rigata ta sha guga. Jama'a, a lokacin nan ko likitan gaske bai kai ni jin kai ba. Matan ƙauye su ce "Malama likita", ni kuwa in amsa ba kunya.

Wadda ke koya mana aiki wata dattijuwa ce da muke kira Hajiya. Ba ta da yawan magana, amma ba abin da ke wuce idonta. Ta ɗora ni kan awon yara ranar Talata: in ɗora yaro a sikeli, in naɗa masa tef a dantse in ga ko kore ya nuna, ko ɗorawa, ko ja, in rubuta a kati.

Talatar farko wata matashiya ta zo daga rugar da ke bayan gari, goye da yaro ɗan wata bakwai. Yaro tubarkalla, kumatu kamar an hura. Na tambaye ta yara nawa gare ta, ta sunkuyar da kai ta ce ɗaya. Na rubuta ɗaya. Na ce, "Mi ke damunsa?"

Ta ce, "Ba a cin abinci, Malama. Ga ƙafafu sun kumbura."

Na duba ƙafafu, na danna, ba komai. Tef ya nuna kore shar. Yaro ma yana ta ƙoƙarin fizge bironna ya kai baki. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, ta ci gaba da ba shi nono.

Talata ta zagayo, sai ga ta. Wannan karon ta ce gashi ya yi ja, yana kakkaryewa. Na dubi kan yaro, gashi baƙi wuluk. Talata ta uku ta ce fata tana saɓulewa a cinya, ga rigima dare da rana. Yaro kuwa yana ta yi mini dariya.

Abin ya tsaya mini a rai. Duk alamomin da take lissafawa na tamowa ne, ciwon da ƙarancin abinci mai gina jiki ke jawo wa yara, kuma bi da bi take kawo su kamar yadda aka koya mana a aji. Ina ta samo su? Matar da ko kati ba ta iya karantawa? Na yi ta juya abin a mota har aka wuce unguwarmu ban sauka ba. Daga ƙarshe, da yake ni gwanar bincike ce, na gano wai dabara ce: so take a ba ta abincin masu tamowa da ake rabawa a leda, ta kai kasuwa. Har alfahari na yi da wannan basira tawa.

Talata ta huɗu na shirya mata. Tana zama na ce, "Baiwar Allah, kin mayar da mu sakarkaru ne? Yaronki ya fi ni lafiya!" Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Hajiya tana can tana yi wa wani jariri rigakafi, ashe kunnenta na wurinmu. Ta wanke hannu, ta zo ta zauna kusa da matar, ta karɓi yaron tana yi masa wasa. Can ta ce, kamar hira, "Wannan shi ne na fari?"

Matar ta yi shiru.

Hajiya ta ce, "To, akwai na gabansa ke nan. Yana hannun wa?"

Da ƙyar muka ji muryarta. "Tana wurin Iya."

"Tun yaye?"

Ta ɗaga kai alamar e, hawaye na bin mayafin.

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗiyar fari! Uwa ba ta faɗin sunanta, ba ta sa ta cikin lissafi, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Iya kuma uwar miji ce, ita aka kai wa yarinyar yaye da ciki ya shiga. Ta yaya suruka za ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta yarinyar da ke hannunta ba ta da lafiya? Sai a ce ta yi rashin kunya biyu. Shi ne ta riƙa goyo ƙanen tana taka wannan doguwar hanya, tana faɗa mini ciwon yayarsa a jikinsa, ko Allah zai sa in gane. Mako uku cur yarinya na kumbura, ni ina rubuta "lafiya lau".

Na ce, "Hajiya, mu aika a kawo ta yanzu!"

Ta ce, "Ki aika ki ce wa ya faɗa miki? Ɗauko tef ɗinki, yau awon gida-gida za mu yi."

Muka sallami matar ta riga mu tafiya. Da azahar muka hau babura biyu zuwa rugar. Hajiya ta yi sallama ta ce an turo mu auna duk yaran wurin, ba a ware kowa ba. Muka auna takwas kafin a zo kan wadda muka zo dominta. Tana kwance a cinyar kakarta, ba ta kai shekara uku ba, gashi ja, fuska suntum. Hajiya ta danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa, ta ɗaga, ramin ya zauna bai tashi ba.

Tsohuwar ta ce, "Ciki ta sha, Hajiya. Ba irin jiƙon da ban ba ta ba. Ko fura ba na sha sai ta sha." Kana gani ka san son yarinyar nan take kamar ranta. Hajiya ba ta yi gardama da ita ba, ta ce, "Iya, kin yi ƙoƙari. Amma wannan sai an kwantar da ita a Dutsin-Ma, kuma ke za ki raka ta, don ke ta sani." Tsohuwa ta miƙe tana neman takalmi.

Uwar fa? Tana can gefe ta ba mu baya tana wanke ƙwarya, ƙwarya ɗaya tun da muka iso. Ko waiwaye ba ta yi ba. Amma da tsohuwa ta ce a haɗa kayan yarinya, sai wata ta shiga bukkar uwar ta fito da ƙunshi ɗaurarre tsaf. Na taɓa shi, har ƙullin ya yi ƙura. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake jira.

Yarinya ta warke, alhamdu lillahi. Bayan wata biyu kakar ta kawo ta tana takawa da ƙafarta, da ƙwaryar nono wai tukuicina. Na karɓa ina jin nauyi, don na san ba ni na ci ba.

Yanzu ni ma ina koya wa ɗalibai, kuma abin da nake fara ce musu shi ne kada su tsaya kan "yara nawa". Su tambaya ko wannan ne na fari, su jira shirun da zai biyo baya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni kaina ɗiyar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa. Na girma ina ɗan jin haushin haka a ɓoye. Ranar da muka dawo daga rugar na shiga gida a gajiye, tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Sai na ji ta ce wa ƙanwata, "Je ki tambayi waccan ko ta ci wani abu yau, na ga idonta ya faɗa."

Ban san lokacin da ta ga idon nawa ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na fito na ci tuwon.