Duwatsun da Jerko Ya Bari a Gindin Jirgi

A tsibirin Lastovo ba wanda bai san Nediljka ba, matar marigayi Jerko, mai shekara hamsin da takwas da muryar da ake ji tun daga wancan gefen tashar jiragen ruwa. Shekara talatin tana ɗinkin taru a bakin ruwa, mijinta yana fita kamun kifi. Da ya rasu, sai ta rataya makullin jirginsa a wuya, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Jirgin na roba ne mai babban injin dizal, irin wanda in aka ba shi wuta sai ya ɗaga hanci, ya hau saman ruwa, ya miƙe da gudu. Jerko bai taɓa neman ganin wannan gudun ba. A jirgin katako ya tashi, don haka ya riƙa tuƙa sabon kamar mai jan jaki. Bai yi asarar komai ba, tunda babban jirgin da ke kai kifi kasuwar Split sai sha biyun rana yake tashi. Bana aka mayar da shi ƙarfe goma.

Nan fa Nediljka ta ga ta kanta. Ta cika jirgi da kifi da ƙanƙara, ta danna totur, inji ya yi ta gurnani yana aman baƙin hayaƙi, hanci a sama, gindi a nutse, amma ya ƙi hawa ruwan. Sau huɗu tana isa tasha tana hangen bayan babban jirgi, kifinta ya wuni ya yi laushi.

Rabin jirgin da take tuƙawa na Vicko ne, ƙanin mijinta, wanda ya bar teku ya koma zaman shan kofi da ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Kunjada," in ji shi, don haka suke kiran matar ɗan'uwa, "injin nan ya tsufa, ke ma ba yarinya ba ce. Akwai mai yawo da baƙi da ke son sa. In wata ya ƙare ba ki cim ma jirgin Split ba, sayarwa za mu yi."

"Ka sayar da kujerarka tukuna, kunjado. Ita ta fi shan wahala a gidan nan."

Baki ne kawai. A zuci tsoro take ji, don in jirgin ya tafi, sai ɗaki a bene na shida wurin ɗanta a Zagreb, inda ko warin kifi ba za ta ji ba.

Ta ja jirgin tudu ta kankare gansakuka da ƙwansunan da suka manne masa. Ta canza matatar mai. Bakanike ya cire farfela, ya juya ta, ya ce lafiyarta lau, injin ma haka, kaya ne suka yi yawa. Ta rage ƙanƙara. Duk a banza.

Saura kwana uku wata ya ƙare, sifana ta sulluɓe mata ta faɗa tsagar dandamalin baya. Ta ɓanɓare katakon tana tsaki. Sai ga duwatsu jere a ƙasa, farare, kowanne ya kai kan mutum, an shirya su tsaf. Ta ƙirga ashirin da uku.

Vicko ya leƙo daga kan gaɓa, ko a jikinsa.

"Na babanmu ne. Ni da Jerko muka kwaso su daga tsohon jirgi. Jirgin gidanmu bai taɓa fita ba su ba, su ke riƙe shi in iskar arewa ta taso."

"Kana kallo na kankare gindin jirgi har hannuna ya fashe, ba ka faɗa ba?"

"Me zan faɗa? Kowane jirgi da duwatsunsa."

"Na katako, Vicko. Wannan don ya tashi aka ƙera shi, kun ɗaure masa ƙafa."

"Ki taɓa su, teku ta kife ki."

Ta taɓa su. Ɗaya bayan ɗaya ta ɗauko su ta zuba a baro, maza suna zaune suna girgiza kai, ba wanda ya miƙo hannu.

Washegari ta jera akwatunan kifi a tsakiya da gaba, ta danna totur. Hanci ya ɗaga kamar kullum, ya ɗan yi jim, sai ya sauko. Jirgin ya hau ruwa ya miƙe, hayaƙi ya washe, iska ta fizge mata ɗankwali. Dariya take tana hawaye, ga daɗi ga haushi. Tara da rabi ta ɗaure igiya a tasha a gaban Vicko, ba ta ko dube shi ba.

Ranar Lahadi bayan coci ta tura baron nan har maƙabarta, sawu uku. Ta jera duwatsun kewaye da kabarin Jerko, tsaf kamar yadda ya jera su. Ta share gumi ta zauna.

"Ga kayanka, Jerko. Shekara biyu ina jan maka su ban sani ba. Kai ne mai son zama wuri ɗaya, ka riƙe su. Ni gobe da sassafe zan fita."