Wanzamin da Ya Yi wa Yumɓu Tsaga

Kabo wanzami ne, ɗan wanzami. A Ajingi aka haife shi, a nan ya gaji zabirar ubansa da asake huɗu da ƙaho biyu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan dariya, kuma in ya ce a'a, to har gobe a'a ce. Hannunsa kuwa ba a magana. Daga Ajingi har ƙauyukan hanyar Gaya, in za a yi wa jariri tsagar gidansu, shi ake aika wa. Yakan ja layi uku a kumatun yaro ka rantse da zare aka gwada.

A ranin 1964 matarsa Hure ta sunkuya jan guga, zaren duwatsun wuyanta ya tsinke, suka zube cikin rijiya. Gadon mahaifiyarta ne, ba ta da wani abu nata sai su. Aka sa mai yasar rijiya ya shiga, ya fito da guda biyu kawai. Hure ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma Kabo ya lura kullum hannunta na kaiwa wuya yana dawowa.

Ya je bakin kududdufi ya yanko yumɓu, ya zauna a zaure ya mulmula ƙwallaye kamar talatin, ya huda su da tsinke, ya kai mata a faifai. Hure ta duba, ta sake dubawa, sai dariya ta ƙwace mata.

"Maigida, wannan ai kashin awaki ne."

Ransa ya ɓaci. Ya kwashe faifan ya koma zaure. Can da rana ta yi, ya ɗauki ɗaya zai jefar, sai ya ji ta ɗan sha iska, ta yi ƙarfi kamar sabulun salo. Ya zaro 'yar tsaga, ƙaramar askar da yake yi wa jarirai zane da ita, ya ja mata layuka. Ba da niyya ba hannunsa ya zana irin tsagar surukarsa, dogaye uku da gajere ɗaya a gicciye. Ya koma ya miƙa wa Hure. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana shafa ta da babban yatsa, sannan ta ce, "Yi wa sauran."

A maƙwabta akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Iya Larai. Ita ta sa masa su cikin gashin tukwanenta, kuma rabi suka fashe. Ta ce masa yumɓu tsura ba ya jure wuta, sai ya daka tsingaro ya tankaɗe ya kwaɓa da shi. Sauran shi ya gano da kansa. In ka yi zane yumɓun na da ruwa, bakin zanen sai ya rufe. In ka bari ya bushe, sai ya ɓanɓare. Akwai ɗan lokaci a tsakani, bai fi na cin tuwo ba, a nan ake yanka. Ya koyi goge wajen da ba zane da santsin tsakuwa har ya yi sheƙi. Ya koyi tsoma su cikin ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suna fitowa daga wuta, su yi baƙi sumul, sannan ya shafa farar ƙasa ya goge, farin ya zauna cikin zanen kaɗai.

Hure ta sa su zuwa wani suna, ta dawo da saƙon mata shida. Kowacce tana son tsagar gidansu, ko ta uwarta da ta rasu. Shekara huɗu Kabo yana aski da safe, yana zane da yamma, har abin ya kai kasuwar Gaya ta hannun dillalai.

A nan rigimar ta tashi. Wani attajirin gyaɗa, Alhaji Datti, ya ga tsagar gidansu, wadda ke fuskarsa da ta 'ya'yansa, rataye a wuyan wata mai tallan nono. Dillaliya ce ta sayar mata ba tare da tambaya ba. Alhaji Datti ya kai ƙara wajen Sarkin Aska Tukur, shugaban wanzaman yankin, aka aika wa Kabo.

Ya tarar da wanzamai kusan goma a ƙofar gida, ga Alhaji Datti a kan buzu. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarkin Aska ya ce, "Kabo, da ubanka muka taso. Me ya kai askar gado cikin taɓo?"

"Ranka ya daɗe, askar da nake sa wa yumɓu tun ranar farko na ware ta daban. Ba ta taɓa jikin mutum."

Alhaji Datti ya ce, "Fuskar ubana kake sayarwa a kasuwa."

Kabo ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce, "Alhaji, a nan kana da gaskiya. Tsaga ta gidanku ce, ban da iko da ita. Daga yau ba zan ƙara zana tsagar kowa ba."

Mutane suka fara gyara zama, sun ɗauka magana ta ƙare. Sarkin Aska ya ɗaga hannu.

"Ba tsagar kaɗai ba. Taɓon gaba ɗaya. Namiji da gemunsa, wanzami, yana mulmula wa mata kayan ado. Ka zaɓa, ko zabira ko yumɓu."

"Ranka ya daɗe, wanda na ɓata wa na ba shi haƙuri. Yumɓun kuma wa ya ɓata wa?"

"Ni na ce ka zaɓa."

Kabo ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarkin Aska sai ya sallame ka. Ya ce, "Zabira ubana ya bar mini, ba a nan na karɓa ba, ba kuma a nan zan ajiye ta ba. Hannun nan ma nawa ne. A hana mutane zuwa wajena in an ga dama." Ya sa takalmansa ya fita.

Haka kuwa aka yi. Aka daina kiransa suna da kaciya. Dattawan da ya shekara goma sha biyar yana yi wa aski suka koma wajen wasu. In ya wuce majalisa sai ka ji an ce, "Ga Kabon mata nan." Hure ta ce ko zai je ya ba da haƙuri, ko don cefane. Ya ce mata gonarsa ba ta san Sarkin Aska ba, za ta ba su gero.

Abin da ya fi damunsa ba gorin ba ne. Tsaga kaɗai hannunsa ya sani, kuma ya yi alkawarin barinta. Wata biyu duk abin da ya zana, sai ya ga fuskar wani gida ce, ya dunƙule ya mayar cikin yumɓu. Ranar nan suna ɓarar gyaɗa, wani ɓawo ya manne a jikin ɗanyar ƙwallo da ya ajiye. Da ya ɓanɓare, sai ga saƙar ɓawon ta fito a jiki, ƙananan ramuka a jere. Ya bar gyaɗar a nan ya shiga gwaji.

Daga nan ba abin da ya tsira. Ya mirgina ƙwallo a kan zangarniyar gero, ta fito da ɗigo-ɗigo. Ya danna bakin siririn kara, ya sami zobba. Ya naɗe wata da zaren saƙa ya warware, ta yi kamar dodon koɗi. Ƙayar aduwa, gefen faifai, haƙoran tsohon matajin Hure, bayan ganyen kabewa, duk ya gwada. Wasu ba su yi ba. Ganyen kabewa yakan bar zane mai kyau a ɗanye, ya ɓace a wuta, kuma ya ɓata damina guda kafin ya haƙura da shi. Wanda ya fi so shi ne ya danna ɓawon gyaɗa a tsakiya, sannan ya zagaye kai da gindi da layin aska siriri kamar gashi.

Ya daina ba dillalai. Ranar kasuwa yakan hau kekensa zuwa Gaya, ya shimfiɗa tabarma kusa da 'yan koli, ya jera kayansa da kansa. Samari sukan tsaya su yi masa ba'a, yakan dube su har su gaji su tafi. Matan Fulani kuwa sukan sauke ƙwarya, su rufe ido su bi zaren da yatsa kafin su zaɓa.

Bayan yaƙin basasa, duwatsun roba suka cika kasuwa, ja da kore da shuɗi, ga sauƙi ga araha. 'Yan mata suka koma can. Wani ɗan koli da ke gefensa ya ce, "Malam Kabo, ka bar wannan sassaƙe-sassaƙen. Ka yi su sumul ka shafa fenti, wa zai gane?"

Kabo ya ce, "Ni zan gane."

Cinikinsa ya ragu, bai kuma sake komawa yadda yake ba. Wata ranar ya sayar da zare uku, wata ranar ya koma da kayansa cif. Bai taɓa sayen fenti ba.

A 1976 'yarsa Kadijatu, wadda ke aure a Balan, ta haifi namiji. Ranar suna Kabo ya isa da hantsi, ya tarar an kira wani wanzami, Inuwa, ɗan Sarkin Aska, har ya shimfiɗa kayansa. Kabo ya sauke zabirar da ya shekara takwas bai rataya ba. Asake na ciki suna sheƙi, don duk Juma'a sai ya wasa su.

Inuwa ya ce, "Baba Kabo, ka san dokar da aka sa."

"Na sani. Matsa."

"Mahaifina zai ji."

"Ka gaya masa da bakinka, kada ka rage komai. Ka ce jikana na aske."

Dangin uban yaro suka dubi juna. Daga cikin gida Kadijatu ta aiko da jaririn, ta ce a sa shi a hannun babanta. Kabo ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya yi bismilla, ya aske shi tas, yaron ko motsi bai yi ba. Kakan yaron na wajen uba ya matso ya ce a yi masa tsagar gidansu. Kabo ya ce wannan aikin Inuwa ne in suna so, shi aski ya zo yi. Duk abin da aka ba wanzami a ranar, hatsi da nama da goro, ya tura gaban Inuwa, ya rataya zabirarsa.

Sarkin Aska ya ji, bai aiko ba. Mutane biyu ko uku suka dawo aski wajen Kabo, saura ba su dawo ba, shi ma bai neme su ba.

Daga baya idonsa ya fara hazo, layin aska ya gagare shi. Ya koma dannawa da mirginawa kaɗai, Hure na huda masa. Ya rasu a kakar 1979 bayan zazzaɓin kwana biyar. A zaure ya bar ƙwallaye sittin da ya gama zanawa ba a gasa ba. Iya Larai ta riga shi rasuwa, don haka Hure ta haɗa wutar da kanta a bayan gida, da kara da kashin shanu. Guda huɗu suka fashe. Sauran ta raba wa matan da suka zo zaman makoki, biyu-biyu.