Katin Shaida Uku, Fuska Ɗaya

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ni ne mai kula da kayan wasa a wani ƙaramin kamfanin fim a Jimeta. Riguna, wuƙaƙen roba, jinin ƙarya, duk a hannuna suke. Shekarar da 'yan gudun hijira daga Mubi suka cika gari ce, kowace mota sai an bincika.

Fim ɗin na ban tsoro ne. Wani tela a unguwar Dubeli ya kashe maƙwabcinsa, daga nan kullum ya farka sai ya ji kowa na kiransa da wani sabon suna, har matarsa. Don haka daraktanmu, Oga Bitrus, ya sa aka buga katin shaida uku, hoto ɗaya na mai wasan tela, suna daban-daban. Abin ya hana ni sukuni. Na ɗauki biro na rubuta a bayan kowanne: "Na fim ne, ba na gaske ba." Da ya gani ya yi faɗa.

"Baba Modu, in kyamara ta ɗauko bayan fa? Tsoronka ya yi yawa."

Ran Talatar nan da hantsi aka aike ni Sangere da jakar kaya a keke napep. A bakin gada soja ya tsayar da mu, ya zazzage jakar. Ga kati uku, ga farar riga jina-jina. Mai keke ya ce shi bai san ni ba. A lokacin ko kati biyu aka samu a jikinka, ba a gida za ka kwana ba.

"Baba, wane ne wannan mai suna uku?"

"Yallaɓai, juya bayan."

Ya juya ya karanta. "Kowa zai iya rubuta wannan. Jinin fa?"

"Zoɓo ne da sukari da sitaci. Ni na dafa."

Ya shinshina, ya ga tururuwa na bin wuyan rigar. Ya kira babbansu, shi kuma ya ce in ba da labarin fim ɗin daga farko, in na yi tuntuɓe ƙarya nake. Na bayar, har inda tela ya buɗe shagonsa ya tarar da mamacin zaune yana ɗinki, da fuskar telan.

"To wa ya kashe wa?" in ji babban.

"Wallahi ban sani ba, yallaɓai. Sau uku na tambayi darakta, ya ce shi ma yana tunani."

Ya yi dariya. "Da maƙaryaci ne kai, da ka ƙago ƙarshe. Tafi. In ka ji amsar ka kawo mini."

Tun daga ranar, ba kayan da ke fita sai da takarda, kuma Oga Bitrus da kansa yake rubuta bayan kati. Abin da na koya shi ne, aikinmu haɗa ƙarya ne ta yi kama da gaskiya, amma in ka fita da ita titi, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba.

Amsar kuwa ban kai masa ba. Sau huɗu na kalli fim ɗin, har yau ina nema.