Shuɗin zaren da Gwaggo Tsahara ta hana kowa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Tsahara a Korgom ya san ba ta amsa sallama sai ta kai ƙarshen layin saƙarta. Ka yi ta tsayuwa a rana, ita ko tana ta motsa leɓe tana ƙirga idon saƙa, hannuwan nan shuɗi shar saboda rini. Maigari ma ya sha wannan tsayuwa, balle ni ɗiyar ƙanenta.

Hulunan jarirai da safa take saƙawa, da ulun tumaki mai laushi da ɗanta ke aiko mata daga Aljeriya. Fari yake zuwa, ita ke rina abinta, ja da karan dafi, shuɗi da baba. Wata hajiya ta taɓa tasowa da mota tun daga Tasawa, ta kawo zaren kanti a saƙa wa jikanta hula. Gwaggo ta tsinki guntu ta kara a garwashi, sai ya narke ya dunƙule.

"Hajiya, wagga ai leda ce. Jikan naki buhun taki ne?"

Ko ruwa hajiyar ba ta tsaya sha ba.

Ranar sunan ɗan maƙwabciyarta Mariyama fa, kun tuna? Gida cike da mata, sai Gwaggo ta hango ido ɗaya ya zame a hular da ta saƙa. Ta tsallake jama'a, ta zare hula daga kan jariri, ta hau warwara.

"Haba Gwaggo, wa zai gani?" in ji Mariyama.

"Ni na gani!"

Haka yaron nan ya wuni da sabon aski a waje.

Tana da doka guda: ba ta saƙa wa cikin da ba a haifa ba. Cewa take, "Wanda bai zo ba, ina na san girman kansa? Allah bai ba ni awo ba."

Dokar nan ni ta fi ci. Ciki uku na yi, duka suka zube. Akwai wani dunƙulen zare shuɗi mai duhu da ta tsoma a baba sau bakwai, ta ce na ɗana ne, ta hana kowa. Duk cikin da na samu sai na roƙe ta ta soma, ko zuciyata ta yi sanyi.

"Ke Ramatu, tashi ki ba ni wuri! In ya zo na ga kai."

Wallahi na ji haushinta. Na ɗauka ta fidda rai da ni ne. Da na samu na huɗu ya kai wata uku sai na ɗauke ƙafa daga gidanta, wata biyar cur ban leƙa ba. Wannan abu yana cina har yau.

Saura mako uku in haihu ta rasu. Bayan addu'ar bakwai Mariyama ta kawo mini wani ƙulli daga akwatin Gwaggo. Na kwance, ga hula da shuɗin zaren nan an gama, ga safa ɗaya, ɗayar rabi, tsinken saƙa na jikinta. Na ja ragowar zaren, na gan shi duk a lanƙwashe kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Kowace mai saƙa ta san zaren da aka saƙa aka warware.

Mariyama ta share hawaye ta ce, "Duk cikin da kika yi sai ta shige ɗaka ta saƙa. In ya zube ta warware tana kuka. Ta ce in na gaya miki sai ta tsoma ni a baba."

Ɗana ya zo lafiya. Hular ta yi masa yawa, har ido take rufe masa. Ashe gaskiyarta, ba a ba ta awo ba! Haka na bar masa ita. Safar kuwa na kasa ƙarasawa, tana nan da tsinkenta.

Ya Allah, wannan karon Gwaggo ba ta jira ƙarshen layi ba ta amsa kiranka. Ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ni ma ka yafe mini wata biyar ɗin nan. Amin.